Rasuwar Na-Marka, Jirgin Malam Atiku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta jiƙe ta yi nauyi har ta gagari ƙirji ɗauka, tare da miƙa lamari ga Mai kowa Mai komai, Sufyanu Atiku, makanikin babura da ke bayan tashar Gummi, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da masuntan gulbi tun daga Anka har Gummi, da duk wanda ya taɓa tsotsar ƙayar kifi a gidansa, rasuwar kwale-kwalensa, abin ƙaunarsa, aikin hannun mahaifinsa, wanda aka fi sani da Na-Marka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya cika ranar Talata, tsakanin azahar da la'asar, cikin watan Afrilun wannan shekara ta 2017, yana da shekara talatin da huɗu a duniya. Ya rasu a kan tudu, nesa da ruwa, a ƙarƙashin rumfar kwano, kwance bisa tayoyin mota uku. Idan sanarwar ta makara da kusan wata guda, a yi wa mai ita uzuri. Akwai mutum ɗaya da ya wajaba ta ji kafin kowa, ita ce mahaifiyarsa Inna Marka, wadda ta ba shi jirgin amana, kuma sai da ya yi kwana goma sha tara yana neman bakin da zai faɗa mata.

An haifi marigayin a Tungar Bawa, wani ɗan ƙauyen masunta a ƙasar Bukkuyum, daga cikin wani maɗaci da iskar farkon damina ta kayar. Malam Atiku, Allah ya jiƙansa, yana saurayi a lokacin, shi ya hau gungumen ya yi kwana arba'in da gizago yana fafe shi. Kullum da hantsi wata budurwa mai tallar fura takan biyo ta wurin, alhali hanyar kasuwa ba ta nan take ba. Sai ta tsaya ta ce, "Wanga akushi naka, yaushe za a ci tuwo ciki?" Shi kuwa ba ya ɗaga kai, sai dai gizagon ya riƙa sara inda ba a aike shi ba. Har yau akwai sara uku karkatattu a goshin marigayin, waɗanda masu ilimin abin suka ce duk na hantsi ne. Kafin jirgin ya taɓa ruwa an sa wa Atiku da mai furar nan, Marka, rana, abokai kuma suka laƙaba wa jirgin suna Na-Marka, sunan ya bi shi har ranar da ya cika.

Duk wanda ya san shi ya san ɗan siriri ne, mai kunya, marar hayaniya. Mutum ɗaya yake ɗauka da kayan sana'arsa, biyu idan sun shaƙu ƙwarai. Ba ya tsage ruwa irin na manyan jiragen fito, sallama yake yi masa ya wuce. Maganarsa duka ba ta fi uku ba. Idan aka ja shi bisa rairayi zuwa gaɓa yakan ce shuuu, kamar dattijon da ya samu tabarma. Idan filafilin tuƙi ya taɓa gefensa yakan ce ƙwal, ƙwal. Idan kuwa tarwaɗa ta faɗo cikinsa tana bori, sai ya amsa mata da wani gurum-gurum daga can cikin cikinsa, wanda Sufyanu ya rantse dariya ce.

Da Malam Atiku ya rasu shekara biyar da suka wuce, mutane da yawa sun so jirgin. Sufyanu shi ne wanda ba a yi zato ba, don tun yana matashi ya bar su da fatsa ya koma ƙasan babura, hannunsa ya fi sanin sifana da koma. Amma ranar sadakar arba'in Inna Marka ta sa aka kira shi. Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai-tsaye. Ta juya wajen ƙanenta Kawu Audu, tsohon masunci da ke zaune a Gummi, ta ce, "A ce ma wancan ga jirgin ubanai nan. Ba kyauta ce ba, ajiya ce. Ran da ya gaji da shi, ya maido min abina yadda na ba shi." Sufyanu yana durƙushe bai fi taku biyu da ita ba. Ya ce, "Kawu, a ce ma Inna na ji."

Allah shaida ne bai taɓa gajiya da shi ba. Wannan ne ma ya jawo abin da ya jawo.

Farkon lamarin wani hoto ne da ya gani a waya: wani Bature zaune cikin ɗan jirgin roba na mutum ɗaya, sandunan fatsa tsaye a bayansa kamar ƙahonin barewa, yana kishingiɗe yana murmushi. Sufyanu ya dubi hoton, ya dubi Na-Marka, idonsa ya kawo ruwa. Ya ji a ransa an yi shekara talatin ana tauye wa bawan Allah haƙƙinsa. Washegari ya yanko bututun roba na famfo guda huɗu, ya huda gefen jirgin ya ɗaure su da noti, suka zama mazaunin sandunan fatsa. Ya cire kujerar wani babur da ya mutu a shagonsa ya kafa a tsakiya, har da majingini na ƙarfen gado. Ya samo jarkoki biyu na man gyaɗa, ya toshe bakinsu da robar tayar keke, ya ɗaure su a ƙarshen gorar da ya gitta wa jirgin, ɗaya dama ɗaya hagu, don ya iya miƙewa tsaye ya jefa ragar birgi ba tare da an kife ba. Abin tsayar da jirgi a tsakiyar ruwa kuwa, tsohon ƙarfen injin niƙa ne, igiyarsa na bi ta cikin ƙafar keken ɗinki, ka ja da hannu ɗaya ya taso. A kan kowace sandar fatsa ya rataya ƙararrawar keke da ya sassauta mata baki, kifi na taɓa ƙugiya sai ka ji kililin. Daga baya aka samu lema, da madubin babur, da kular ajiye kifi, da ɗan faifan sola mai cajin waya. Ya shafe shi da fenti shuɗi, ya rubuta sunansa da fari a goshi, ya kewaye saran nan uku bai shafe su ba.

Ranar da suka fara fita da cikakkiyar kwalliya, masunta sun bar aiki sun taru a gaɓa. Kawu Audu ya zagaya jirgin sau biyu, hannu a baya, ya ce, "Ɗan Marka, wanga jirgi ne ko shagon tireda? Ina wurin sa buredi?" Wani ya ce saura a ɗaura masa lamba, jami'an hanya su fara tare shi. Wani ya tambaya madubin na ganin kadan da ke son wucewa ne. Sufyanu ya zauna a kujerar babur ya tura, marigayin ya shiga ruwa da jarkokinsa a buɗe kamar angon da aka sa wa babbar rigar da ta fi shi, yana jin kunya amma bai ƙi ba.

Kuma don a yi wa mamaci adalci, abin ya yi aiki. A daminar da ta biyo baya ƙararrawa ta yi kuka, Sufyanu ya miƙe tsaye a tsakiyar gulbi, abin da ba a taɓa yi a cikin Na-Marka ba, ya yi kokawa da giwan ruwa har ya jawo shi ciki. Bai sayar ba. Ya sa matarsa Zinatu ta banda shi, ya ɗaura a babur ya kai Tungar Bawa. Inna ta ɓanɓari tsoka ta ɗanɗana, ta dubi bango ta ce, "Jirgin bai mance aikinai ba." A duk rayuwar Sufyanu ba a taɓa yabonsa haka ba.

Huda ashirin da uku aka yi wa marigayin cikin shekara biyar. Bai taɓa cewa uffan ba. Ya ɗauki kowane noti da haƙurin da ya gada daga itacen da aka fafe shi.

Game da jinyarsa, wajibi ne a faɗi gaskiya, ko da tana da ɗaci. Al'adar masuntan gulbin nan ce, idan rani ya yi nisa, ruwa ya janye ya bar gurabe nan da can, kowa ya kwashe kayan jirginsa, ya cika shi da duwatsu, ya nutsar da shi cikin gurbi mai zurfi. Nan zai kwanta yana shan ruwa, itacensa a kumbure, har damina ta faɗi a tono shi. Shekara huɗu Sufyanu yana yin haka, saboda Kawu Audu na tsaye a kansa. Amma kowace shekara zuciyarsa takan karye. Kwana biyu yake yi yana kwance noti, sannan ya tsaya yana kallon abin da ya fi so a duniya yana nitsewa cikin laka, kumfa na tasowa. Da damina a fito da shi fentin ya ɓare, ƙarafa sun yi tsatsa, katantanwa sun yi gida a mazaunin fatsa.

Bana Kawu Audu ya tafi Anka jinyar 'yarsa, ya daɗe. Sufyanu kuwa bai jima da sabunta fenti da jan wayoyin sola ba. Ya yi tunani irin na makaniki, wanda duk iliminsa ya taru a kan abu ɗaya: abin da kake so, ka raba shi da ruwa. Ya ɗauko amalanken shanu, aka kawo marigayin gida kamar mai dawowa daga aikin hajji. Ya kafa masa rumfa ta sabon kwano a tsakar gida, ya aza shi bisa tayoyi don kada gara ta taɓa shi, ya lulluɓe shi da tamfol don ƙura. Kullum kafin ya tafi shago sai ya goge shi da tsumma busasshe. Zinatu, wadda take girki a rana, ta ce, "Baban Fatiha, in ya tashi daga barci ka tambayo min shi ko zai ara min inuwa in daka yaji."

A tsakiyar bazara, lokacin da kwano ke zafi har ƙadangare ya ƙi hawa, marigayin ya fara magana da wata murya da ba a san shi da ita ba. Da tsakar rana sai a ji ɗas. A jima kuma, ɗas. Sufyanu ya ce kwanon rumfa ne ke miƙa. Da ya yaye tamfol bayan mako biyu, ya tarar da wata tsaga siririya kamar zare, ta taso daga hudar mazaunin fatsa na farko. Ya cusa mata tsumma da kwalta. Bayan kwana uku ta ɓullo a huda ta biyu. Ya daka garin katako da gam ya liƙe, ya buga mata gwangwanin madara. Ta wuce ta uku. Hudojin da ya jera da hannunsa, a miƙe cif saboda shi mutum ne mai son aiki ya yi kyau, su suka riƙa nuna wa tsagar hanya, wannan ya miƙa ta ga wancan.

Ranar Litinin Kawu Audu ya dawo. Ya yi sallama, ya shigo, ya ga rumfa, ya ga abin da ke ƙarƙashinta. Bai zauna ba. Ya ƙwanƙwasa cikin jirgin da ɗan yatsa, ya ji ya amsa kamar busasshen ƙoƙo.

"Wa ya kawo shi tudu?"

"Ni ne, Kawu. Don kada laka ta ɓata…"

"Tun yaushe?"

"Wata biyu da 'yan kwanaki."

Tsohon ya cire hularsa, ya mayar. Wanda bai taɓa rasa baƙar magana ba, ranar nan cewa kawai ya yi, "Ɗebo ruwa."

An yi iya yi. Zinatu ta juye randa biyu, maƙwabta suka taimaka da bokitai, aka jiƙa buhunan algarara aka lulluɓe shi tun daga goshi har wutsiya. Ruwan yana zuba yana bi ta tsagar yana ɗiga ƙasa, kaji na sha. Aka yi magana da mai amalanke, ya ce shanunsa na gona, sai Laraba da safe zai kai shi gurbi. Marigayin bai ga Laraba ba. Ranar Talata Sufyanu na zaune kusa da shi, hannunsa ɗaya bisa goshinsa, yana yayyafa masa ruwa da buta, sai ya ji itacen ya motsa a tafin hannunsa. Ya ce ƙas, sau ɗaya, da ƙarfi, har tattabarun maƙwabta suka tashi. Ya rabe biyu daga goshi har wutsiya, kowane ɓari ya kwanta gefensa. Ƙararrawa huɗun nan suka amsa tare, kililin, sannan gidan ya yi tsit.

Kwana goma sha tara Sufyanu yana zuwa shago yana ɗaura taya a baibai. Sau biyu Inna ta aiko 'yan kasuwa da saƙon a gaida mutanen gida, a gaida jirgi. Sau biyu yana amsawa da suna lafiya. A rana ta goma sha tara Zinatu ta tsaya a ƙofar ɗaki da mayafinta a kafaɗa, ta ce, "Baban Fatiha, ko ka tashi mu tafi tare, ko in tafi ni ɗaya. Kuma ka san ni ban iya kwana-kwana ba, daga sallama zan faɗa."

Sun tarar da Inna a gindin dalbejiya tana tsintar wake. Aka gaisa, aka sha ruwa, aka sake gaisawa. Sufyanu ya durƙusa ya ce, "Inna, Na-Marka ya rasu." Hannunta ya tsaya cikin faifai. Ta dubi Zinatu, don ita za ta iya tambaya.

"Ruwa ya ci shi?"

"A'a, Inna."

"Dutse ya buga?"

"A'a, Inna."

"To mi ya same shi?"

Zinatu ta juya ta dubi mijinta, don wannan ba amsarta ba ce. Sufyanu ya faɗi komai, rumfar da tayoyin da tamfol da busasshen tsumma, bai rage ko huda ɗaya ba. Yana faɗi hawaye na ɗiga bisa rairayi. Inna ta daɗe tana kallon waken. Can ta ce, ba da kowa ba, "Ashe da ƙishirwa ya mutu." Ta aje faifan, ta dafa ƙasa ta tashi, ta shiga ɗaki ta saki asabari. Har la'asar ta yi sanyi suka kama hanyar Gummi ba ta fito ba.

Mai wannan sanarwa ya so a ce ta zage shi. Ya so ta ɗauki muciya. Kwana shida ya yi yana jin kalmar nan a kunnensa duk lokacin da ya kai kofi baki.

Marigayin ya rasu ya bar ƙanensa filafilin tuƙi, wanda aka sassaƙa daga reshen maɗacin da aka fafe shi, yanzu yana jingine a bayan ƙofa ba ya magana da kowa. Ya bar jarkoki biyu, waɗanda tuni Zinatu ta mai da su ɗibar ruwa, aikin da da sun fara shi da wuri da ba a kai ga haka ba. Ya bar kujerar babur, marainiya karo na biyu. Ya bar ƙararrawa huɗu da aka naɗe cikin tsumma, don mai gidan ba ya iya jin muryarsu. Ya bar Kawu Audu, wanda ya daina ba'a, abin da ya fi ba'ar ciwo. Ya bar kifayen gulbi da yawa cikin farin ciki, Allah ya shirye su. Ya bar kuma wata tsohuwa a Tungar Bawa, wadda ita kaɗai ta rage a duniya da ta san shi tun yana gungume.

A rana ta shida Kawu Audu ya zo shago da saƙo daga gare ta, kuma a kan saƙon nan aka tsara jana'iza kamar haka.

An tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa itace salla, amma addu'a ga wanda ya sassaƙa shi ba ta da lokaci. Saboda haka ranar Asabar mai zuwa da hantsi, in Allah ya kai mu, za a ɗauki gawar daga gidan Sufyanu a bayan a-kori-kura zuwa Tungar Bawa. Kafin nan za a kwance masa duk abin da aka ɗaura masa, noti da bututu da waya, a kankare fentin har itace ya fito. Inna ta ce ba za a faskara shi ba, ba za a hura wuta da shi ba, ba kuma za a ba Fulani su yi kwamin shanu da shi ba. Akwai kwazazzabon da ya raba gidanta da sauran unguwa, wanda duk damina mata ke tattare zane su ratsa shi da tulu a kai. Nan za a gitta ɓari biyun, a kife, kafaɗa da kafaɗa, su zama gada. Ta ce kada a buga masa ƙusa ko ɗaya. Da dutse da ƙasa za a danne bakinsa, kuma wanda ya kawo shi tudu shi zai aza shi da hannunsa.

Ana karɓar gaisuwa a shagon Sufyanu daga yau har Juma'a. Wanda zai zo, ya zo da addu'a ga Malam Atiku. Wanda yake da "ai da ka tambaye ni" ya bar ta a gida, an samu da yawa. Ana roƙon masu babura, har da abokan cinikin mai sanarwa, idan sun iso gadar nan gaba su sauka su tura.

Bayan an kammala azawa ba wanda zai taka sai Inna Marka ta fara ƙetarewa. Ƙafarta ba ta da ƙarfi yanzu, bayan jirgi kuma yana da santsi. Kawu Audu ya ce shi zai riƙe ta, ta ce a'a. Zinatu ta ce ita za ta riƙe ta, ta ce a'a. Ta ce, "A ce ma wancan ya taho da wuri, ya wanke baƙin man da ke hannunai. Shi za ya riƙa ni."

Allah ya jiƙan Malam Atiku, ya ba mu haƙurin rashi, ya kawo damina lafiya.